Kusurwar da Inna Ta Hana a Gina

Na Allah ne mu, kuma wurinSa kowa zai koma. Inna ta rasu wata Talata da hantsi, bayan an gama shigar da gero rumbu. Tana zaune a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, ta ce wa jikarta ta miƙo mata ruwa. Kafin a kawo ruwan ta jingina da bango, shi ke nan.

Kafin la'asar gidanmu ya kasa ɗaukar mutane. Mata suka yi ta ɓullowa ta hanyoyin gonaki, wasu da goyo, wasu da ciki, wasu daga ƙauyukan wajen Makoda da ban taɓa sanin Inna ta taka ƙafarta can ba. Ita ce ungozomar garinmu tun kafin in yi wayo. A zaure, inda muka zauna karɓar gaisuwa, duk wanda ya durƙusa ya yi addu'a sai ya ƙara da cewa, "Ita ta yanke mini cibiya." Wani direban motar Ɗanbatta, ƙato mai gemu, ya ɗaga rigarsa a gaban liman yana hawaye, ya ce, "Ku duba aikin Inna, kamar an ɗinka da allura." Wani kuma da ke gefensa, wanda tun muna yara muke tsokanarsa saboda ƙaton cibi, ya ce, "Ni ranar da aka haife ni ta tafi biki, ga sakamakon nan." Mutane suka yi dariya da jajayen idanu. Liman ma sai da ya rufe bakinsa da rawani.

Abin da ya ɗaure mini kai daga cikin gida ya fito. Tsofaffin mata, idan za su wuce, sai su tsaya a bakin zaure su ce mini, "Malam, kai ne abin tausayi. Ba ta da magana sai taka." Ta farko da ta faɗa na ɗauka ta ruɗe ne, ƙanena take nufi. Sai ta biyu ta faɗa, ta uku ta faɗa. Na rasa yadda zan yi da fuskata, don ni dai tun da na zo duniya ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba.

Ni ne ɗanta na fari. A wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Da aka yaye ni Gwaggo ta ɗauke ni, ita ta raine ni a gidan mijinta, sai da na isa riƙe fartanya na dawo. Wasu matan suna sassauta kunyar idan ɗan ya girma. Inna ba ta sassauta ba. Idan tana da magana da ni, dabba take gaya wa. Kullum akwai jar akuya a turkenta, idan wannan ta tsufa a kawo wata. Ina tsaye a tsakar gida za ta juya wa akuyar ta ce, "Ke, a gaya wa mutumin nan dangar baya ta faɗi." Ni kuma in ce, "To, an ji." Haka muka zauna har na yi furfura.

Ba wai ban san al'adar ba. Ni ma 'yata ta fari ba na kiran sunanta, "yarinyar nan" nake cewa. Amma ni na san abin da ke cikin zuciyata game da ita. Na Inna ne ban sani ba. Matar da ta riƙe jinjirin kowa a garin nan, ta hura masa hanci, ta yi masa kirari, ni ban tuna ranar da hannunta ya taɓa kaina ba. Lokacin da na shiga ajin yaƙi da jahilci na koyi rubuta sunana, na ɗauki gawayi na rubuta shi a jikin buhun gyaɗata. Ta tambayi jikarta mene ne wannan zanen. Yarinyar ta ce, "Sunan Baba ne." Inna ta tashi ta juya buhun, rubutun ya fuskanci bango. Malamin ajinmu ne ya ce kowa ya rubuta labarin wani mutum da bai so a manta da shi. Shi ya sa na zauna nake wannan, a hankali, kamar yadda nake komai.

Aikinta dai kowa ya shaida. Matan garinmu ba sa kiran kowa idan naƙuda ta fara, musamman a haihuwar fari. Mace za ta shige ɗaki ta durƙusa ita kaɗai, ta danne kukanta. Sai an ji kukan jinjiri a ruga a kira ungozoma. Inna ba ta jiran a kira ta. Idan ta ga mace ta bar daka a tsakiya ta dafa ƙugu, sai ta ɗauko sabuwar reza da zare ta je ta zauna a ƙofar ɗakin tana kaɗi, wai inuwar nan ta fi daɗi. Tana yawan cewa, "Haihuwa ba ta ƙare ba sai abokiyar tafiya ta fito." Mabiyiya take nufi, wadda take biyo jinjiri. Ba ta yarda kowa ya yi guɗa kafin nan. Idan ta fito sai ta wanke ta da kanta, ta kai bayan ɗakin mai jego ta binne, ta rufe da tsingaron tukunya don kada kare ya tono. Maza ba sa tsayawa a wurin. Abin da na sani ke nan, shi ma daga nesa.

Abin da ta yarda da shi da wanda ba ta yarda da shi ba, wannan har yau ban iya rabewa ba. Ba ta barin mai ciki ta fita da tsakar rana ko da almuru sai ta ɗaura mata ƙusa a bakin zane. Amma ita ce kuma take kora mata awo asibiti, har ta bi su da faɗa idan sun yi nawa. Da can ta hana mai ciki cin ƙwai, wai ɗan zai tashi da ɗauke-ɗauke. Da malamar asibiti ta ce ƙwai yana ƙara jini, sai na ji ta tana ce wa matar ƙanena, "Ki ci, amma ki juya wa ƙofa baya, kada na cikin ya ga daga inda aka ɗauko." Kunun kanwa da take dama wa masu jego, wata shekara ta rage masa kanwa da kanta bayan wata mata ta kumbura, ba ta kuma yi wa kowa bayani ba. Wankan jego kuwa, da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, safe da yamma, ba ta taɓa yarda a rage shi ba.

Wani matashi da ya dawo daga karatu ya taɓa tsayawa a ƙofar gidanmu yana wa'azi a kan camfi, yana ɗaga murya don ta ji. Ta fito da moɗa a hannu ta ce, "Sannu Malam ƙarami. Karatunka gaskiya ne. Amma kai da ƙafa ka taho, ni na juya ka, uwarka tana riƙe da ƙusa a hannu tana salati. Ka tambaye ta wanne ya yi aiki, ni ban sani ba." Yaron ya ce, "Salatin ne, Inna." Ta ce, "To madalla. Sha ruwa."

Akwai wata mata a bayan gidanmu, baƙuwa ce, mijinta ya kawo ta daga wajen Shanono. Ta haihu ɗan bai zo da rai ba. Ba suna, ba barka, ba wanda ya kawo itace. Dangin mijin suka ce tunda ba ɗa, wankan kwana kaɗan ya isa. Washegari ina shirin fita na ji Inna tana ce wa akuya, "A gaya wa masu gatari ana bukatar itace a bayan gida, ba na yau kaɗai ba." Na yi ta kai itace har aka cika arba'in. Ita take hura wutar, ita take yi mata wankan, ita take dama mata kunu. Matata ta tambaye ta dalili. Ta ce, "Jikinta bai san ɗan ya mutu ba." Matar nan ce ta fi kowa kuka ranar rasuwar. Sai da aka riƙe ta.

Yanzu in zo kan rigimarmu, wadda ita kaɗai ce muka taɓa yi.

Gidanmu gidan gado ne. Mahaifina da Inna 'ya'yan wa da ƙane ne, auren gida aka yi musu, don haka a cikin katangar nan aka haife ta, a ciki ta yi aure, a ciki ta rasu. Ƙasa a wajenmu ta yi wuya. Gonakin mutane sun zo har gindin katanga ta kowane gefe, ba inda za ka matsa ko taku ɗaya. A cikin gida kuwa kowa ya gina rabonsa. Fili ɗaya ya rage, wata kusurwa ta gabas, tsakanin rumbu da katanga. Ba a shuka komai a wurin, ba a ɗaure dabba. Inna dai takan yi alwala a kusa, idan ta gama ta juye sauran ruwan butarta a can. Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba.

'Yata, wadda Inna ta raina tun daga yaye, ta yi aure bara, ta samu ciki. Bisa al'ada za ta dawo gida goyon ciki, ta haihu a gabanmu, ta yi wankanta kafin ta koma. Ɗakin Inna na ƙasa ne, damina ta ci gindinsa, ga ƙanwarta Iya tana kwana a ciki tun da mijinta ya rasu. Ɗakin matata cike yake da yara. Na ce ba zan bari surukai su zo suna su tarar da mai jego a ɗakin da ake tokare bangonsa da azara ba. Na sayar da gyaɗa da ɗan maraƙi, na sayo bulo da siminti, aka jibge a tsakar gida. Na ɗauko igiya na nufi kusurwar nan zan gwada.

Ban ɗaura igiyar ba na ji muryarta.

"Ke akuya, a gaya wa mutumin nan ba a gini a nan."

Na ce, "A tambayar mini Inna, saboda me?"

"A ce masa ba a yi."

"A ce mata ɗakin jikarta ne. Ba ni da wani wurin."

"A ce masa jikata a bayana ta girma, ɗakina ya ishe ta."

Ni mutum ne mai haƙuri, kowa ya sani. Amma ranar na bar akuya na juya na dubi Inna ido da ido, na ce, "Inna, ni fa nake magana. Ki gaya mini dalili, ko ɗaya ne, in bari." Ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, kamar amaryar da aka kama tana cin abinci. Tsohuwa mai jikoki da tattaɓa kunne. Ta tashi ta shige ɗaki. Na naɗe igiyata. Bulo ya zauna a tsakar gida yara suna hawa, kaji suna kwana a kai. Yarinyar ta dawo goyon ciki ta shiga ɗakin Inna, su uku a ciki. Ni da Inna muka koma gaisuwa kawai, ita ma ta bakin akuya. Muna cikin haka ta rasu.

Bayan sadakar bakwai, da mutane suka ragu, na fara bin mata da tambaya. Ina so in yi ginin kafin yarinyar ta sauka, amma ba na so in taka maganar mamaciya ban san abin da na taka ba.

Na fara da matata. Na ce, "Ke kin san abin da ya sa Inna ta hana wurin nan?" Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ni suruka ce a gidan nan. Ka tambayi danginta."

Na je wurin Iya. Ta ce, "Wurin yana da masu shi." Na ce iskoki take nufi? Ta ce ita ba ta ce ba. Da na koma bayan kwana biyu sai ta ce, "Ai ɗakin uwarmu ne a wajen da can, ya rushe tun kana wurin gwaggonka." Na ce, "To don ɗaki ya taɓa zama a wuri sai a hana wani ɗakin?" Ta ce ƙafarta na ciwo, in miƙo mata man zafi.

Maƙwabciyarmu, ƙawar Inna tun suna 'yan mata, ta ce wurin shanyar kuɓewa ne, rana ta fi zama a can. Ban taɓa ganin kuɓewa ko ɗaya a wurin ba. Gwaggo, wadda yanzu kunnenta ya yi nauyi, sai da na yi ihu ta gane tambayar. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Uwarka taurin kai gare ta. Kai ma ka gado. Ka ci abinci?"

Har yarinyar na tambaya, tunda ita ce take kwana da tashi da Inna. Na tsaya daga ƙofar ɗaki na ce, "Yarinyar nan, kakarki ba ta taɓa ce miki komai game da kusurwar can ba?" Ta ja zane ta rufe cikinta, ta sunkuyar da kai har na gaji da tsayuwa. Tun da cikin ya fito dama ba ta yarda mu haɗa ido.

Na rasa gane kan abin. Kowace mace da amsarta, ba wadda ta yi kama da ta wata, kuma duk wadda na tambaya sai ta dubi wani wuri. Wani lokaci in ce akwai mugun abu a binne. Wani lokaci in ce babu komai, Inna ce dai ba ta so in yi abin kaina, kamar yadda ba ta taɓa so in matso kusa da ita ba. Wannan tunanin na biyu shi ya fi hana ni cin abinci. Na kai wa liman maganar. Ya ce, "Ƙasa ta Allah ce, gida kuma naka ne. In ba kabari ba ne, kuma ba ta bar wasiyya a gaban shaidu ba, ka yi bisimilla ka yi gininka." Na ƙara jira har aka yi sadakar arba'in. Sannan na kira magini.

Ranar da ya zo da diga, da sassafe matata ta ce mini za su je awo da yarinyar. Na ga an kira mota maimakon babur, na ga matar ƙanena ta bi su da ƙullin kaya, ban kawo komai a raina ba. Magini ya ja layi da toka, ya fara haƙa ramin tushe. Iya tana ɗaki, ta sako labule. Ƙasar wurin ta ba mu mamaki. Ko'ina a gidan rani ya busar da ƙasa kamar dutse, nan kuwa diga tana shiga da sauƙi. Magini ya ce, "Malam, wurin nan kamar fadama."

Ana kiran azahar ya gama gefe uku, saura na jikin katanga. Sai ga matata a kan babur ita kaɗai, ta rungume wata roba da aka naɗe da zane. Ta ce, "An sauka lafiya. Mace ce. Za a sallame su da yamma." Na ce alhamdu lillahi, na zauna a kan bulo. Ita kuwa ba ta shiga ɗaki ba. Ta tsaya da robar nan tana kallon ramin da aka haƙa, tana kallon magini. Sannan ta ɗaga murya wajen labulen Iya ta ce, "Iya, yarinyar ta ce in gaya miki, Inna ta ce mata idan ta sauka a sa abokiyar tafiyar a inda kika sani."

Labule ya ɗaga. Iya ta fito da sandarta, da ƙafar da take cewa tana ciwo, da sauri kamar ba ita ba. A daidai lokacin magini ya kai diga gindin katanga, ya tono wani baƙin tsingaro, ya jefar gefe. Ta ce masa, "Kai, ɗan nan, ajiye ƙarfen nan." Ya ajiye. Ta sunkuya ta ɗauki tsingaron ta share shi da bakin zane. Ta dube ni. Sai ta juya wajen turke, inda jar akuyar Inna take tuƙa.

Ta ce, "Ke akuya, tunda ke kika saba kai saƙo a gidan nan, ki gaya wa mai gidan. A ɗakin uwarmu da ke nan aka haife shi. Yayata tana yarinya, ita kaɗai ta durƙusa, ko uhum ba ta ce ba. Uwarmu ta binne abokiyar tafiyarsa a gindin katangar nan. An ce wa mai jego kada ta duba, ta leƙa ta ɓular zana ta ga wurin. Ki gaya masa ita ta ce idan aka ɗora wa wurin nauyi, ƙirjinsa za a ɗora wa, shi kuwa da tari aka haife shi. Ki gaya masa shekarun da ya yi yana zuwa cin rani Kudu, ba ranar da ba ta zuba ruwa a nan ba, wai don ya ji sanyi a inda yake."

Ban san abin da ya sa ba, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Iya, Kudu ai kullum ruwa ake yi."

Ta ce, "Ita ta san haka? Ta taɓa wuce Kano?"

Magini ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya yi shiru.

Na ce, "Duk kun sani?" Matata ta dubi robar da ke hannunta. Maƙwabciyarmu, wadda ta leƙo ta kan katanga don jin barka, ta janye kanta. Na ce, "Kwana nawa ina yawo a tsakaninku kamar mahaukaci. Me ya hana ɗaya ta gaya mini?"

Matata ta ce, "Ni zan buɗe baki in yi maka maganar haihuwar surukata?"

Iya ta ce, "Ita da ta haife ka ta kasa, sai mu? 'Yarka kuma da ciki a gaba za ta yi maka zancen mabiyiya? Yau ɗin ma ni akuya na gaya wa."

Na karɓi tsingaron daga hannunta na ce, "Wannan shi ne?" Ta ce, "Wa ya sani? Gidan nan duk inda ka tona tukunya ta taɓa fashewa. Wurin dai nan ne. Ku fita, maza, muna da aiki."

Muka fita zaure ni da magini. Ya tambaye ni ko gobe ya dawo. Na ce ya dawo, amma ya mayar da ƙasar ramin, bulon kuma a tayar da bangon ɗakin Inna da shi. A can yarinyar ta yi jegonta, ita da Iya, kamar yadda Inna ta faɗa tun farko. Surukai sun zo suna, ba wanda ya dubi bango.

Daga baya na gaya wa liman. Ya ce wannan ba ya cikin littafi, mabiyiya tsoka ce, ba ta da hulɗa da ƙirjin kowa, amma ba laifi mutum ya bar fili a gidansa. Na yarda da maganarsa. Tarina kuwa yana nan yadda yake, bai ƙaru ba bai ragu ba, ban san me zan ce a kansa ba. Na kuma tambayi Iya, tunda mata sun ce Inna ba ta da magana sai tawa, da wane suna take kirana a bayan idona. Ta ce, "Wancan. Wancan ya ci abinci? Wancan ya dawo daga gona? Ku ji tarin wancan." Ko a bayan idona ba ta faɗa ba.

Amma na tsallake abin da ya faru da yammacin ranar haihuwar. Kafin magariba mota ta kawo su. Mijin yarinyar direban babbar mota ne, haihuwar ta same shi a hanya. Ya kira ni a waya ya ce, "Baba, sunan Inna nake so a sa mata. Ka yi mata huɗuba a madadina, kada a jira ni." Na ce to. Sai da na kashe wayar na tuna ni ma ban taɓa faɗin sunan nan ba. Wa yake kiran sunan uwarsa? Na san shi kamar yadda na san hanyar gonata, amma bai taɓa bi ta bakina ba.

Matata ta miƙo mini jinjirar a cikin zane. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Uwarta tana kwance a gadon Inna, ta juya fuskarta bango, kamar ba ita ta haife ta ba. Na yi kiran salla a kunnen dama, na yi iƙama a na hagu. Sannan na kai bakina kusa, na faɗi sunan a hankali. Na sake faɗa don in tabbata ta ji. Jinjirar ta yamutsa fuska ta yi atishawa.

Iya daga bakin ƙofa ta ce, "Ya faɗa?"

Matata ta ce, "Har sau biyu."

Yanzu Inna ƙarama muke ce mata, ba mai kiran sunan. Na fito na yi alwalar magariba a inda Inna take yi. Ƙasar kusurwar sabuwa ce, an daddaɓe ta da tafin hannu. Da na gama akwai sauran ruwa a butar. Na tsaya da ita a hannu, ban san ko ya halatta ba, ban san ko yana kai wa wani sanyi ba. Na juye shi a wurin.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya yafe mata abin da ta sani da wanda ba ta sani ba. Yadda ta karɓi 'ya'yan mutane da hannu biyu, Allah Ya sa a karɓe ta haka. Ya sanyaya mata makwancinta, amin.